Bas mai lamba 50 daga Bournemouth zuwa Swanage: na shiga sau uku, ga abin da na gani

Ranar da na gaya wa Hajiya a waya cewa na yi tafiyar awa biyar a ƙafa, shiru ta yi, sannan ta ce, "Ɗan nan, kuɗin mota ne ya gagare ka?" Na ce mata ai kuɗin mota na biya aka kai ni inda zan fara tafiyar. Har yau ba ta yarda lafiyata ƙalau ba.

Ina zaune a Bournemouth, kudancin Ingila, kuma ba ni da mota. Na daɗe ina ɗauka cewa duwatsu da dazuzzukan da nake gani a hotuna na masu mota ne, sai wani abokin aikina ya ce in gwada bas mai lamba 50, cikin waɗanda ake kira Purbeck Breezer. Daga tashar jirgin ƙasa ta Bournemouth yake tashi, ya bi ta Sandbanks da Studland, ya ƙare a Swanage. Mai hawa biyu ne, kuma lokacin zafi saman a buɗe yake ba rufi. Da katin banki na biya a bakin ƙofa.

Abin da ya fara burge ni shi ne bas ɗin gaba ɗayansa yake shiga jirgin fito. A Sandbanks akwai jirgin da ke jan kansa da sarƙa ya tsallaka bakin mashigar Poole, minti huɗu kacal. Ranar Asabar ce ta ƙarshen Agusta, motoci sun yi layi har ido ya gaji, mu kuwa direba ya ratsa ta gefensu ya shige. Ƙanina da muka tafi tare ya leƙa ƙasa ya ce, "Yaya, yau talaka ne a gaba." Sai dai iskar saman nan ba ta wasa. Hulata tana can cikin ruwa, kuma laifina ne, don na ga kowa ya dafe tasa.

A Shell Bay muka sauka, tasha ta farko bayan fito. Nan ne ƙarshen hanyar ƙafa ta South West Coast Path, mai tsawon mil 630 daga Minehead, har da alamar ƙarfe a wurin. Farin rairayi ne shimfiɗe, teku a hagu, tuddan yashi da ciyawa a dama. Gargaɗi ɗaya ga 'yan'uwa, musamman mai tafiya da iyali: tsakanin Shell Bay da Knoll Beach akwai yankin da aka ware wa masu zama tsirara. An kafa alluna kafin a kai, amma mu hira ta ɗauke mana hankali. Mun yi wajen kilomita ɗaya ido na kan yatsun ƙafa, ƙanina yana ta a'uzubillahi. A zuwa na biyu ban sauka ba sai Knoll Beach, magana ta ƙare.

A Knoll Beach akwai banɗaki da shagon shayi, kuma daga nan wata 'yar hanya ke shiga kurmi wajen tafkin Little Sea, wanda ruwansa ba gishiri duk da yana dab da teku. Kurmin ba shi da girma. Inuwa, sanyi, ƙamshin ganye mai laima, barewa ɗaya da ta tsaya ta ƙare mana kallo. Cikin rabin awa an gama.

Inda zuciyata ta tsaya shi ne filin da ke bayan ƙauyen Studland, wato Godlingston Heath. Ban san da me zan kwatanta shi ba sai dajin sabara da geza bayan kaka: ƙasa mai yashi, tsirrai ba su wuce gwiwa ba, sama a buɗe ta ko'ina. Bambancin shi ne a Agusta duk filin fure yake, ruwan shunayya, da ƙaya mai fure ruwan ɗorawa tsakani. Ƙasar ba ta da ƙarfin noma, kuma kiwo da sassabe na ɗaruruwan shekaru ne suka hana itatuwa rufe ta. Shi ya sa har yanzu hukumar National Trust mai kula da wurin take sakin shanu su yi kiwo a ciki. Duk nau'i shida na macizai da ƙadangarun Birtaniya suna nan, har da macijinsu ɗaya tilo mai dafi, dangin kububuwa. Ba mu haɗu da shi ba. Kaska kam na cire ɗaya a ƙwaurina da dare, don haka a sa dogon wando a cusa shi cikin safa.

Tsakiyar filin akwai wani ƙaton dutse shi kaɗai, Agglestone, mai nauyin kusan tan 400. Mutanen wurin suna da tatsuniyar cewa Shaiɗan ne ya jefo shi daga tsibirin Wight yana nufin ganuwar Corfe, wata tsohuwar fada da ke yankin, ya kuskure. Ashe su ma suna da irin labaran nan namu. Hanyar zuwa tana da taɓo a kwari ko ba a yi ruwa ba, an shimfiɗa katako a wasu wuraren. Takalmin yawon gari na sa ranar, na kuwa gane kurena.

A zuwa na uku ne na yi doguwar. Daga Studland na leƙa Fort Henry, wani dogon ɗakin kankare a bakin gaɓa inda Firaministan Birtaniya Churchill da Sarki George na Shida da Janar Eisenhower na Amurka suka kalli atisayen soja a Afrilun 1944, makonni kafin sojojin ƙawance su afka wa Normandi ta Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan sai Old Harry, ginshiƙan farin alli tsaye cikin teku, ƙarshen gabas na gaɓar da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Babu shinge a bakin, kuma ƙasa da nisa. Mai yara ya riƙe hannunsu. Na hau tudun Ballard Down, na yi azahar a kan ciyawa da ruwan gorata, ba wanda ya ko waiwayo, sannan na gangara Swanage gwiwoyi na rawa.

A nan na gane amfanin bas ɗin na gaskiya. Mai mota dole ya koma inda ya ajiye ta, ya sake taka hanyar da ya riga ya gani. Ni kuwa na sauka a wuri ɗaya, na miƙe gaba, na hau a wani. Daga Swanage ma ba ta jirgin fito na dawo ba: lamba 40 na shiga, ya bi da ni ta gindin kangon Corfe da garin Wareham zuwa Poole.

Wanda zai je ya duba jadawalin ranar tun daga gida, don na hunturu bai kai na lokacin zafi yawa ba, ya kuma san lokacin motar ƙarshe. Ya tafi da guzurinsa. In kifi da dankalin Swanage ya ja shi, ya tambayi da wane mai aka soya, kuma ko an kwaɓa fulawar da giya. Ni na tambaya, aka ce man ganye ne ba giya, na ci a bakin ruwa ina kare takardar da hannu ɗaya daga tsuntsayen teku.