Ƙaguwa da jatan lande: dangi ɗaya, gini daban

Masana halittu sun sa ƙaguwa da jatan lande a rukuni ɗaya, Decapoda, wato masu ƙafafu goma. Dukansu ba su da ƙashi a ciki, ɓawon waje ne ke riƙe jikinsu, kuma sai sun yi saɓa kamar maciji kafin su ƙara girma.

Bambancin yana wajen ciki. Jatan lande dogo ne, cikinsa a miƙe yake, cike da tsoka. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan ƙafafu da yake iyo da su, in ya firgita kuma sai ya naɗe wutsiya da ƙarfi, ya zabura da baya. Gudu ne kariyarsa.

Ƙaguwa ta bi wata hanya, kuma ita ta fi burge ni. Cikinta ya ƙanƙance ya naɗe a ƙarƙashin ƙirji, har mai kallo ya ɗauka babu shi. Juya ta ka gani: na namiji siriri ne, na mace faffaɗa, domin a nan take rungume ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Ɓawonta ya yi kauri, ƙafafun gaba biyu sun zama awartaki, mafi yawan nau'o'in ƙaguwa kuma a kaikaice suke tafiya. Wasu ma suna rayuwa a tudu muddin gaɓoɓin numfashinsu na da danshi. An san nau'o'inta wajen 7,000, har da ta tekun da ke gefen Japan wadda faɗin ƙafafunta kan wuce mita 3.