Dirai kabon ko wet kabon, wanne za ka ɗaura wa motar?

Ɗan uwa ka ce bonet biyu ka gani, duka an rubuta kabon faiba, wato saƙar zaren kabon mai ƙarfi marar nauyi da ake ƙamar da ita da gam, ɗaya dirai ɗaya wet, kuma tsadar dirai ɗin ta ba ka tsoro shi ne kake tambaya wanne ya fi. To a ido kam kamar Hassan da Hussaini suke, a wajen ƙira suka rabu.

Shi dirai, saƙar zaren tana zuwa ne da gam ɗinta a jiki daidai gwargwado, sai a shimfiɗa ta a mazubi a zuƙe iska a saka a tanda mai matsi a gasa da zafi wajen digiri 120 a ma'aunin Celsius, shi ya sa yake fitowa siriri ba nauyi ba kumfa. Wet kuwa da buroshi ake shafa gam da hannu, gam ya yi yawa nauyi ya ƙaru, kuma abin da ya fi ɓata min rai, da yawansu faibagilas ne, wato zaren gilashi, a ƙasa aka lulluɓa masa kabon falle ɗaya don ƙyalli kawai. Ka kifa bonet ɗin ka leƙa cikinsa, in babu saƙar nan a ƙasa ka san inda aka dosa.

Kafin komai ka duba naka na asali, in ƙarfe ne ko wet zai iya rage maka nauyi, amma in alminiyom ne wallahi wet ba zai tsinana maka komai ba, wani ma ya fi shi nauyi. A sa mai kaya ya ɗora shi a sikeli.

Wajen zama ma dirai ya fi hawa daram, wet sau da yawa sai an goge nan an faɗaɗa ramin noti can.

Rana kuma ba ta bar kowa ba, in babu fentin kariya mai kyau a sama duka biyun sai su koma rawaya, kuma kabon ba ya lotsewa, tsagewa yake yi, fanel bita ba shi da abin bugawa.

Ni dai in murfin madubi ne ko ɗan leɓen bamba na kwalliya wet ya isa. Bonet kuwa da zai sha iska a guje, dirai zan saya, kuma don Allah ko wanne ka ɗauka ka ƙara masa fin biyu a gaba, wato ƙusoshin da ke riƙe bonet kar ya buɗe, kar ka dogara da makullin tsakiya shi kaɗai.