Takardu ko Bayan Zane: Wace Hanya Ce Ta Fi Gano Mai Kayan da 'Yan Nazi Suka Wawashe?

Masu binciken asalin zane-zanen da aka ƙwace a Yaƙin Duniya na Biyu suna da hanyoyi biyu, wato bin takardu da kuma duba jikin zanen.

Hanyar takardu ta fi ƙarfi a gaban kotu. Hukumar ERR ta 'yan Nazi, wadda aikinta shi ne wawashe zane-zane da kayan tarihi, ta tara kayan da ta ƙwace daga Yahudawan Faransa a gidan tarihi na Jeu de Paume da ke Paris, ta kuma yi musu rajista, yayin da Rose Valland, wata ma'aikaciyar gidan, take rubuta inda ake tura su a asirce. Sai dai takarda tana ƙonewa, kuma wanda aka tilasta masa sayar da kayansa da arha domin ya tsira da ransa, rasit ɗinsa yana kama da na halastaccen ciniki.

Duba jikin zane kuwa aiki ne na ido. Idan aka juya shi, akan tarar da hatimin kwastam, ko tambarin dillali, ko lambar ERR, kamar harafin R da ke nuna iyalin Rothschild, attajiran Yahudawa da aka ƙwace wa kaya. Matsalar ita ce, ana kankare irin waɗannan alamu, ko a sauya firam ɗin baki ɗaya.

A ganina takardu ne ginshiƙi, duk da cewa aikinsu yana da jinkiri. Daga cikin zane-zane kusan 1,500 na Cornelius Gurlitt, ɗan wani dillalin zane na zamanin 'yan Nazi, waɗanda aka samu mafi yawansu a gidansa a Munich a 2012, guda 14 kacal aka tabbatar na wawaso ne aka mayar wa magadan masu su zuwa 2021.