Mazurarin ɗura albarushi: uku na gwada, na tagulla na riƙe

Sallah biyu ke nan da hunturu guda ina aiki da mazurarin tagullar da wani tsohon maƙeri ya yi mini a cikin garin Bauchi. Duk wanda ya gan shi rataye a burgamina sai ya tambaya ko ya ci kuɗinsa. Ya ci. Amma ba a hannun farko ya zo daidai ba, kuma kafin in kai gare shi sai da na gwada wasu biyu.

Bindigata ta toka ce, wadda ake ɗurawa ta baki, irin da ake kira harba-ka-ruga. Gadon mahaifina ce. Aikinta biyu: bugawa ranar hawan Sallah idan Sarki ya fito, da korar birai da gadu daga gonarmu ta masara da ke hanyar Alkaleri. A duka biyun ƙara kawai muke nema. Dajin Yankari kuwa, da aka killace tun 1956, ba wurin bindigar kowa ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta sa irin wannan bindiga a rukuninta daban da masu harsashi, kuma tawa tana da takardarta ta 'yan sanda, ta hannun Sarkin Bakanmu aka yi mini.

Mahaifina bai taɓa amfani da mazurari ba. Daga ƙaho yake zuba albarushi a tafin hannunsa, ya dunƙule hannun a bakin bindiga ya sake shi a hankali. Ni ma haka na tashi ina yi. Idan ba iska, lafiya lau. Idan iskar hunturu tana kaɗawa, rabi a ciki rabi a kan rigarka, kuma ba ka san nawa ya shiga ba.

Abin da ya raba ni da wannan hanya a gabana ya faru, a wani bikin naɗin sarauta a ƙauye. Wani abokin bugunmu, yaro mai zafin nama, ya buga, jama'a suka yi sowa, sai ya so ya maimaita kafin dawakai su wuce. Bai goge cikin bututun ba, bai jira ba. Ya cire murfin ƙahon da haƙori ya kafa bakinsa a bakin bindigar. Ashe akwai ɗan guntun tsumma da ke ci a ciki. Ban ji ƙara mai yawa ba, wani "fuu" na ji, sai farin hayaƙi, sai ƙaurin gashi. Allah ya sa ƙahon ya kusa ƙarewa. Girarsa ta tafi, fatar bayan hannunsa ta saluɓe, ya yi wata biyu bai riƙe fartanya ba. Da cike ƙahon yake, da wani labarin ake yi.

A daren nan Sarkin Baka ya tara mu a zaurensa ya ce, "'Ya'yana, daga yau kada in ƙara ganin ƙaho a bakin bindiga. Daga ƙaho zuwa ma'auni, a toshe ƙaho, sannan daga ma'auni zuwa ciki." To, ma'auni ɗan ƙarami ne, bakin bindiga kuma ba faɗi gare shi ba. A nan mazurari ya zama dole.

Na fara da na masu tinka, irin wanda masu sayar da kalanzir ke amfani da shi, na sa aka ƙanƙanta mini. Arha ne kamar banza. Damina ɗaya ta gama da shi. Ragowar albarushi tana jan raɓa, gwangwani kuma ba ya jure wannan, sai ga tsatsa ta cika wuyansa tana bin albarushin zuwa ciki. Bayan haka, ƙarfe ne a kan ƙarfe. Wanda ya taɓa ganin yadda ƙyastu ke ba da wuta ba zai so ya riƙa goga gwangwani a bakin bututu yana zuba albarushi ba. Na jefar.

Na biyu ɗan yayana ne da ke aiki a Abuja ya yi mini odarsa ta intanet, don ya ji ina cigiya. Ya kawo shi a kwali yana murna: "Kawu, wannan na waje ne, don albarushi aka yi shi." Gaskiya ya faɗa, sai dai ba don irin namu ba. A Amurka akwai masu tara kwanson harsashi su sake ɗura shi a gida, kuma su aka yi wa wannan mazurarin. Ba shi da wuyan da ke shiga cikin rami. Gindinsa ne aka fafe yadda zai kife a kan bakin ɗan siririn kwanso kamar hula. A kan bakin bindigar toka ba ya zama, sai ka riƙe shi da hannu ɗaya, ma'auni a ɗaya, bindiga a tsakanin gwiwoyi. Kuma a ƙasar nan haɗa harsashi a gida ba tare da izini ba laifi ne, don haka ainihin aikinsa ma bai shafe mu ba.

Duk da haka na gwada shi mako uku, don kada yaron ya ji ba daɗi. Na roba ne, kuma a tsakiyar hunturu muke. Kowa ya san yadda rigar leda ke ƙas-ƙas idan ka tuɓe ta da dare a wannan lokaci, ko yadda biro ke ɗaukar guntayen takarda idan an goga shi a gashi. Haka wannan robar ta riƙa yi wa garin albarushi. Ka zuba, ka ɗaga, ka ga baƙin gari ya manne a jikinta kamar an yayyafa. Ka ƙwanƙwasa, wani ya sauka wani ya ƙi. Abin da ka auna ba shi ya shiga ba, sauran kuma sai ya zube a cikin burgami.

Tun da zancen na waje ya zo, bari in faɗi wani abu da ya fi mazurarin muhimmanci. Garin da ke cikin harsashin zamani, wanda ba ya hayaƙi, ba albarushinmu ba ne. Ƙarfinsa ya fi abin da bututun bindigar toka zai ɗauka. Na ji samari suna cewa za su fasa harsashi su juye a ta toka don ta fi ƙara. Bututun ne zai tsage, kuma fuskarka ce a kusa da shi.

Sai na tafi wurin maƙerin. Ban ɗauki bindiga na ratsa gari da ita ba. Karan dawa na fere har ya shiga bakinta cif, na kai masa karan. Tsohon ya juya shi a hannu ya ce, "Ɗana, tagulla za a sa. Ita ba ta tartsatsi ko ka buga ta a dutse." Na ce, "Baba, shi ya kawo ni." Muka daidaita, ya ce in dawo bayan kwana huɗu. Kuɗin ya ninka na mai tinka sau da yawa, kuma bai rage mini ko sisi ba, ya ce tagulla ta yi tsada.

Abin da na fi so a aikinsa shi ne gangaren. Bai yi shi shimfiɗaɗɗe kamar na mai ba, ya tsayar da shi sosai, albarushi na taɓawa sai ya sulale. Wuyan bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba, kuma ya yi masa ɗan leɓe a sama inda yake zama daram a bakin bututun. Ina sa shi in saki. Hannuna na hagu yana riƙe da bindigar a karkace, bakinta ya kau da kai daga fuskata, na dama yana juye ma'aunin. A da sai na sunkuya in leƙa don kada ya zube, yanzu ba na leƙawa. Ko don wannan kaɗai da na saya. Ya haɗa mini da ma'aunin tagulla daidai awon da mahaifina ya bar mini, ya huda kunne a jikin kowanne, na zura su a tsirkiya ɗaya.

Ga inda ya gaza. Ranar da na fara gwada shi a gona, bayan na zuba sai na ɗaga shi saitin rana na leƙa ciki. A kan layin da ya haɗe bakin tagullar da dalma akwai ɗan tudu, kuma ƙwayoyi sun jeru a bayansa kamar tururuwa. Ba su da yawa, amma mazurarin da ke ɓoye albarushi shi na gudo wa. Na koma. Tsohon bai yi musu ba, ya sa ɗan yatsa ya shafa ya ce, "Ka yi gaskiya, yaron da ya goge bai kai nan ba." Ya zauna da kansa da siririn magagari, sannan yashi mai laushi, sannan toka a tsumma, har cikin ya riƙa ɗaukar ido. Tun daga nan ko ƙwaya ɗaya ba ta tsayawa. Wanda zai sa a yi masa, ya sa yatsa ya shafa cikin tun a maƙera kafin ya biya.

Aibinsa na biyu, tagulla ba ta tsatsa irin ta ƙarfe, amma tana yin kore. Na manta shi a burgami sati biyu cikin watan Agusta ban goge ba, na tarar wuyan ya yi tsanwa-tsanwa yana danƙo. Ruwan tsamiya da toka suka fitar da shi. Sai dai bayan wanki dole a shanya shi ya bushe ƙayau, don laima kaɗan a wuyan ta isa ta dunƙule albarushi ta toshe hanya. Yanzu duk ranar da na yi aiki da shi sai na zura busasshen ƙyalle kafin in adana.

Akwai kuma ƙananan abubuwa. Ya fi na roba nauyi nesa ba kusa ba. Idan ya sha ranar filin idi yana zafi a hannu. Shi da ma'aunin suna karo suna ƙara idan ina tafiya, wanda a hawan Sallah ba komai, amma a gona birai na jin ka tun daga nesa. Wani baduku ya naɗe mini bayansa da jar fata, zafin da ƙarar duk suka tafi.

Abokan bugunmu uku sun sa an yi musu bayan sun ga nawa. Ɗayansu ya ce tsada ta yi yawa, ya sayo wani mai ruwan zinariya a kasuwar Wunti, ya kawo yana cewa ai duk tagulla ce. Na ciro maganaɗisun tsohuwar rediyo da nake ajiyewa don haka, na kai kusa, sai ji muka yi ƙwas, ya manne. Ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla. Tagullar gaske maganaɗisu ba ya kama ta.

Na robar na mayar wa ɗan yayana na yi masa bayani, kuma ya fahimta. Yanzu shi ne ma ya ce in sa a yi wa ƙaninsa da ya fara bin mu hawa. Na riga na kai wa tsohon karan. Na roƙe shi wannan karon ya ƙara faɗin bakin kamar yatsa guda, don hannun sabon shiga yana rawa idan ganguna suka matso.