Asibitin dabbobin da na kai karnukana gwaji kafin barbara

Masu kiwon karnukan gadi, musamman German Shepherd da Boerboel, ga abin da na gani a wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a nan Kaduna, suna da wani tsari na duba kare da karya kafin a haɗa su barbara, kuma gaskiya ban yi baƙin cikin kuɗina ba duk da cewa ba arha.

Abin da ya fi burge ni hoton ƙugu ne. Sai sun yi wa kare allurar barci, su kwantar da shi rigingine su miƙe ƙafafun baya sannan a ɗauki hoton, don idan yana motsi hoton ba zai nuna gaskiya ba. Likitan ya zaunar da ni gaban kwamfuta yana nuna min yadda kan ƙashin cinya ya kamata ya zauna daram a cikin raminsa, na namijin ya zauna, na karyar kuwa gefen hagu akwai sako-sako. Da ma'aunin FCI, ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, suke aiki, daga A zuwa E, A shi ne lafiyayye E kuma ya lalace sosai, kuma ba sa ba da sakamako sai kare ya kai wata 12, manyan iri ma wata 18. Karyata C ta samu, kuma ya faɗa min kai tsaye ba kwana-kwana, idan har zan haɗa ta to sai da namiji mai A, in ba haka ba in haƙura. Wallahi wannan ya sa na yarda da shi, don wani da ya ga kwastoma zai ce komai lafiya lau ne kawai a rabu lafiya.

Sun duba gwiwar ƙafar gaba, fatar ido ko tana lanƙwashewa ciki, abin da ke damun Boerboel sosai, da 'ya'yan marainan namiji ko duka biyun sun sauko, shi ma gado ne.

Sai gwajin DNA, ana goga auduga a cikin kumatu a tura waje. Akwai cutar da ke kashe ƙafafun baya a hankali, DM, ba ta cika fitowa ba sai kare ya kai wajen shekara 8, lokacin ya riga ya haifi kwiyakwiyai an sayar wa mutane. Lissafin kamar na sikila ne, AS da AS, idan uwa da uba duk suna ɗauke da ita to kowane kwikwiyo yana da ɗaya cikin huɗu na gadon ta daga ɓangare biyu. Abin yana min ciwo yadda muke haɗa uba da 'yarsa don wai a riƙe girman ƙoƙon kai da kala, kare kuma ya zo wata goma yana jan ƙafa saboda matsalar ƙugu, karen gadi ba ya iya tsallake kwata.

Inda suka gaza, sakamakon DNA ɗin ya daɗe sosai kuma da dala ake lissafin kuɗin, sannan WhatsApp ɗinsu sai ka yi ta turawa shiru, dole ka kira. Wurin jira ma ƙarami ne, karnuka manya a matse, a zo da takunkumi. Kuma kar a ba kare abinci da safen da za a yi hoton saboda allurar barcin, su ba sa tuna faɗa sai ka tambaya.