Makaranta, cibiyar sana'a ko shagon maigida: ina ya dace a kai matashi mai naƙasa a Maradi?

Iyaye da yawa a nan Maradi sukan kai ɗansu gurgu, kurma ko makaho wurin da ya fi kusa da gida, ko inda aka ce kyauta ne. Ni dai abin da nake fara dubawa shi ne ko mai koyarwar zai iya isar da saƙo ga wannan yaron, da kuma ko akwai kuɗin shiga a ƙarshen hanyar.

Karatun boko ya fi tsawo, ya fi cin kuɗi da haƙuri, amma shi ne ke buɗe ƙofar albashi. Dokar Nijar ta 1993 ta wajabta wa duk ma'aikatar gwamnati ko kamfani mai ma'aikata 20 zuwa sama ya ware kashi 5 cikin ɗari na gurabensa ga naƙasassu, kuma a 2019 an sake yin wata doka kan shigar da su cikin harkokin rayuwa. Sai dai gurbin ofis da takardar shaida ake nemansa. Saboda haka yaron da kansa ke ja, kada a cire shi daga aji don kawai tafiya na ba shi wahala. Kurame suna da makarantarsu a cikin gari. Wanda ya yi nisa kuma ga Lisen Fasaha ta Ɗan Kasawa, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da aka kafa a 2010. Kafin a biya komai a je da shi, a ga matakalar aji, a ga makewayi, a tambaya yadda ake yi wa makaho jarrabawa. A lissafa kuɗin kabu-kabu na kowace rana, domin shi ne ke karya iyaye a tsakiyar shekara. Makaho kuma ya kamata ya san cewa wayar Android tana da TalkBack mai karanta rubutu da murya, kwamfuta tana da NVDA, dukansu kyauta.

Cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati da ake kira CFM suna karɓar wanda ya bar makaranta, har da wanda bai taɓa shiga ba. Alherinsu tsari da takarda. Rauninsu kuwa, wani lokaci ɗalibai sun fi kekunan ɗinki yawa, kuma ba kowane malami ya iya maganar hannu ba. A tambaya ƙarara: in an gama, ana ba da kayan aiki?

Shagon maigida shi ne hanyar da garin nan ya fi sani, kuma ita na fi jinjina wa ga mafi yawan matasa, in an dace da mutumin kirki. Ɗinki, gyaran wayar salula, dukanci (ga fatar jar akuyar Maradi a ƙofar gida), walda, har ƙera kekunan guragu. Yaro yana koyo, masu saye suna sanin fuskarsa, ɗan kuɗin sabulu yana shigowa. Haɗarin shi ne a mai da shi ɗan aike, ko a zaunar da shi bakin ƙofa don a ji tausayi a shigo, shekaru su wuce bai taɓa almakashi ba. Wannan yana ci mini rai matuƙa. A yi magana a gaban shaidu tun ranar farko: me zai koya, yaushe za a yaye shi. A kuma leƙa ofishin FAFPA, asusun da ke tallafa wa koyon sana'a, ko akwai shirin da zai haɗa masa shago da takarda.

Akwai yaran da ba a ganin larurarsu da ido: mai galahanga, wanda haruffa ke rikice masa, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Sau da yawa sai a ce taurin kai ne ko iskoki, a yi ta duka. Irin waɗannan hayaniyar babbar kasuwa na iya rikita su. Ƙaramin shago mai natsuwa, maigida ɗaya marar tsawa, aikin da ake nunawa da hannu mataki-mataki, shi ya fi musu. A gwada mako biyu kafin a ɗaura alkawari, a kuma ji ta bakin yaron da kansa.

Horon da ƙungiyoyin agaji ke kawowa na ɗan lokaci ne, a ɗauke shi a matsayin ƙari. Labarinsa yakan bi ta ƙungiyoyin naƙasassu da ke ƙarƙashin tarayyar FNPH, don haka a yi rajista da su. Mai takarda kuma ya kai sunansa ofishin ANPE na neman aiki, ya riƙa komawa yana tambaya.