Ma'ajiyar matattun baturan litiyam da ke Idu: takardu sun cika, amma jigilarsu da sauran gyara

Duk mai haɗa sola a Abuja ya san damuwar da ke tafe. Baturan litiyam da aka riƙa sawa a gidajen Gwarinpa da Kubwa da ofisoshin Wuse sun fara mutuwa, kuma ba irin batirin ruwa ba ne da ɗan gwangwan zai ɗora a sikeli ya biya kuɗin dalmar da ke ciki. Shi na litiyam ko ya mutu da sauran wuta a jikinsa, idan aka huda shi ko aka matse shi sai ya kama. Saboda haka ne muka duba aikin wata ma'ajiya da ke rukunin masana'antu na Idu, wadda ke karɓar irin waɗannan batura daga masu sola, da masu gyaran waya da laftof na kasuwar Banex, da kamfanoni. Abin da muka auna shi ne ko aikinsu ya dace da abin da doka ta ɗora musu, da kuma ko mai kai kaya zai fita da hujja a hannu.

Ta fuskar takardu ba mu da ƙorafi. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2007, ita ke sa ido a kan wannan sana'a, kuma a 2024 ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan batura, waɗanda suka wajabta wa mai shigo da batir da mai tara shi da mai sarrafa shi yin rajista, suka kuma ɗora wa mai shigo da kayan alhakin abin da zai same su bayan sun mutu. Ma'ajiyar na da shaidar rajistarta a manne a ofis, kwanan watanta bai wuce ba, kuma adireshin da ke jikinta shi ne na wurin. Wannan na ƙarshe ya cancanci a duba da kyau, domin akwai masu nuna takardar wani reshe a Legas alhali aikin a wani fili daban suke yin sa. Sun kuma nuna shaidar shiga tsarin ARBR, ƙungiyar da ke tafiyar da tattara tsofaffin batura a madadin masu shigo da su, da takardar duba wuri ta hukumar kashe gobara, da ta hukumar muhalli ta Abuja, AEPB. Rahoton tasirin aiki ga muhalli, wanda dokar 1992 ta tanada kafin a kafa irin wannan masana'anta, shi ma yana nan.

Inda suka fi burge mu shi ne wajen karɓar kaya. Ba a zuba batura tsibi ɗaya. Ana fara raba na dalma da na litiyam, kuma wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, saboda batirin litiyam ɗaya da ya ɓuya cikin lodin na dalma ya isa ya tarwatse a injin farfasawa ko a tukunyar narkarwa. Daga nan sai su raba na litiyam ɗin gida biyu. Akwai LFP, mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ƙwayarsa ke ba da bolt 3.2, shi ne a yawancin baturan inbata: ƙwaya 16 a jere su ba da bolt 51.2, kuma mai ƙarfin 100Ah yakan kusanci kilo 50. Akwai kuma masu sinadarin kobalt da nikel, na waya da laftof da fawabank, masu bolt 3.6 zuwa 3.7, ciki har da ƙananan ƙwayoyin nan masu lamba 18650. Kowane batir ana gwada shi da mita, a rubuta nauyinsa da nau'insa da sunan wanda ya kawo, a rufe kawunansa biyu da tef mai hana wuta wucewa. Ƙanana ana jera su a duro, shimfiɗar batura sannan shimfiɗar busasshen yashi, ba a cika duron har baki, murfin kuma ba a ɗaure shi tamau don iska ta samu hanyar fita idan wani ya fara tururi.

Manyan baturan inbata ana kwance su ne da sifana mai rufin roba, a cire allon da ke kula da caji, wanda masu aiki ke kira BMS, sannan a raba ƙwayoyin. Bolt 51 ba zai jefar da mutum ba, amma idan sifana tsirara ta haɗa kai biyu, ƙarfen zai yi ja nan take. Sauran cajin kuma ana zuƙe shi a hankali da na'urar da ke shanye wuta. Mun ji daɗi da ba su bin hanyar jiƙa batura a ruwan gishiri. Hanya ce mai arha, sai dai tana cinye kawunan batir, tana fitar da iska mai kamawa da wuta, ta kuma bar ruwa mai guba wanda shi ma sai an nemi inda za a kai shi.

Rasit ɗinsu na ɗauke da kwanan wata, nauyi, nau'in batir, lambar rajistarsu da sa hannu. Kamfanin da ya canza baturan ofis ko na turken sadarwa ya riƙe wannan takarda da kyau, ita ce zai nuna ranar da jami'ai suka tambayi inda tsofaffin suka tafi.

Batun kuɗi yakan ba mutane mamaki. Suna biyan kuɗi a kan kilo idan na laftof ne ko na waya, amma LFP mai shi ne ke biyan kuɗin ɗauka. Ba zalunci ba ne: babu kobalt ko nikel a cikinsa, abin da ake samu bai wuce tagulla da alminiyam da ɗan litiyam ba. Laifinsu a nan shi ne ba sa faɗa tun a waya, sai an kai kaya.

Sai kuma inda aikin ya gaza, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Batirin da ya kumbura, ko ya fashe, ko ruwa ya shige shi, ko yake wari mai ɗan zaƙi-zaƙi, ba a haɗa shi da lafiyayyu. Ƙa'idar jigilar kaya masu haɗari ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa batirin litiyam a aji na 9 da lamba UN 3480, ko UN 3481 idan yana cikin na'ura, ta kuma ware wa lalatacce tanadi na daban mai lamba 376: kowane ɗaya a mazubinsa, da abin da ba ya cin wuta kewaye da shi. A cikin ma'ajiyar suna ware su, amma motar da ke zuwa ɗauko kaya buɗaɗɗiya ce, ba alamar haɗari a jikinta, kuma kumburarren batir na tafiya a kwali ɗaya da sauran. Daga Karu zuwa Idu a watan Maris, cikin cunkoso da rana mai ƙuna, wannan ganganci ne. Ƙwaya ɗaya ta yi zafi ta kama, zafinta ya tada ta kusa da ita, haka wutar za ta riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, ga hayaƙin na ɗauke da sinadarin da ke ƙona huhu da ido. Tukunyar kashe gobara mai hoda da ke motar za ta danne harshen wuta na ɗan lokaci ne kawai, ba ta sanyaya cikin batir, don haka yakan sake tashi bayan awanni. Ruwa mai yawa ne ke sanyaya shi. A ma'ajiyar akwai tanki da tiyo, amma kwantenar da ake keɓe lalatattun ta ƙarfe ce a tsakiyar rana ba rumfa, kuma ta yi kusa da inda ake tara kwalaye da robobi. Rumfar kwano da tazarar 'yan mitoci za su magance wannan, ba wani kuɗi mai yawa ba ne.

Abu na biyu shi ne makomar kayan. Su tarawa da kwancewa suke yi, niƙawa zuwa baƙin garin da ake ciro ƙarafa daga cikinsa a wani wuri ake yi, yawanci a ƙetare. Najeriya na cikin yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda ta ce ba a fitar da shara mai haɗari sai ƙasar da za ta karɓa ta amince a rubuce tukuna, kuma takardar tafiya ta bi kayan har inda za su sauka. Ƙasar da ta ga abin da ya faru a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya, har ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai safarar irin wannan shara, bai kamata ta yi sakaci da wannan ba. Ma'ajiyar na cewa tana da izinin fitarwa, amma ba ta ba mai kaya takardar da ke nuna an sarrafa lodinsa a ƙarshe sai ya nace. Mai kai kaya da yawa ya sa wannan a cikin yarjejeniya tun farko, da wa'adin kwanaki.

Ga mai shago a Banex da ke tara baturan waya a kwali ƙarƙashin tebur, ko mai sola da ya jingine matattu a baranda, wannan ma'ajiya ta fi fanteka ta Dei-Dei nesa ba kusa ba, inda ake fasa batir da guduma don a ciro tagulla. Muna ba da shawarar a yi hulɗa da su, da sharaɗin mai kaya ya shirya lodinsa da kansa kafin motarsu ta iso: ya rufe kan kowane batir da tef, kada ya yi masa caji don gwaji, ya sa kowane kumburarre a bokitin ƙarfe shi kaɗai da yashi ƙasa da sama, ya ajiye a inuwa nesa da janareta da jarkar fetur, ya rubuta "lalatacce" a jikin bokitin da manyan baƙi, ya kuma nuna wa direba shi kafin a fara lodi.